Kada Mu Jinginar Da Inuwar 'Ya'yanmu Cikin Gaggawa

A 'yan watannin nan sau uku ana tsare mu a bakin majami'a bayan an tashi sujada, kuma tambayar iri ɗaya ce: "Malam, ko ka san inda mutum zai ajiye takardar gidansa a ba shi kuɗi cikin mako guda?" Na farko kuɗin makarantar ɗansa ne ya taso masa, na biyu bikin 'yarsa ya matso, na uku kuwa wai an nuna masa wata harka da za ta ninka masa kuɗi kafin wata uku. Ɗaya daga cikinsu ma bai gama biyan bashin da ya gina gidan da shi ba, yana neman a sabunta masa a ƙara. Mun ba su amsa a tsaitsaye, amma mun ga ya kamata mu zauna mu yi maganar filla-filla, domin mun san ba su kaɗai ba ne.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba mu zo mu kunyata mai cin bashi ba. Abin da ke ba mu tsoro shi ne gaggawa, domin ita ce take cinye gida tun kafin bashin ya cinye shi.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma sashe na 22 ya hana mai takardar mallaka, wadda muka fi sani da C of O, ya jinginar da filinsa sai da yardar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba. Duk wanda ya taɓa bin takarda a ma'aikatar filaye ya san wannan ba aikin kwana uku ba ne. To, wanda ya ce zai ba ka kuɗi jibi, ta wace hanya zai bi?

Hanyar da wasunsu suke bi ita ce su karɓi takardar gidan, sa'an nan su miƙo maka wata ka sa hannu, su ce ai don cika ƙa'ida ne kawai. Sau da yawa wannan takarda ta sayarwa ce, an bar gurbin kwanan wata a buɗe. Ranar da ka kasa biya sai a cike gurbin, ka wayi gari kai baƙo ne a ɗakin da aka haifi 'ya'yanka. Ko da ba a yi wannan dabara ba, ajiye takardar gida a hannun mai ba da bashi ya isa ya kai ka kotu ya nemi a yi gwanjon gidan.

Yanzu mu yi lissafi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuwa sukan ɗora nasu a kai. Masu ba da kuɗi nan take su da wata suke lissafi, ba da shekara ba. A ce ka karɓi naira miliyan 2 a kan kashi 5 cikin ɗari kowane wata. Ruwan kaɗai naira 100,000 ne duk wata, wato naira miliyan 1.2 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Malamin makaranta ko ɗan fansho, daga ina zai fitar da wannan? Shinkafar biki za ta ƙare a yini ɗaya, baƙi su watse, bashin ya zauna.

Kada mu ɗauka wannan tarko na talakan ƙasarmu ne kaɗai. A Amurka, a farkon shekarun 2000, farashin gidaje ya yi ta hawa, mutane suka yi ta sabunta jinginar gidajensu suna karɓar ƙari suna kashewa. Da farashin ya faɗi aka shiga rikicin tattalin arziki na 2008, iyalai miliyoyi suka rasa muhallinsu. A nan gida kuma, wanda ke shirin zuba kuɗin jingina a harkar ninka kuɗi ya tuna yadda MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, da yadda CBEX ta ruguje a watan Afrilu na 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Maganar ma tsohuwa ce. A littafin Nehemiya sura 5 mun karanta yadda yunwa da harajin sarki suka sa jama'a suka jinginar da gonakinsu da gidajensu, har abin ya kai ga ba da 'ya'yansu bauta. Mu lura da kyau, fushin Nehemiya a kan manya da masu hali ya sauka, waɗanda suke cin ruwa a kan 'yan'uwansu, kuma sai da ya sa suka mayar da abin da suka karɓe. In akwai waninmu da yake zaune a kujerar gaba ran Lahadi alhali takardar gidan gwauruwa tana cikin akwatinsa, wannan sura da shi take.

To, mene ne abin yi? Da farko, kada magidanci ya fitar da takardar gida a ɓoye. Matar da ta ɗebo ruwa aka kwaɓa ƙasar ginin tana da bakin magana, haka ma 'ya'yan da suka yi hankali. Na biyu, kada a sa hannu a kan kowace takarda sai lauyanka na kanka ya karanta, ba lauyan mai ba da kuɗin ba. Na uku, a tambayi jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, da tarar jinkiri, a rubuce. Na huɗu, a tambayi kai: kuɗin nan zai haifi abin da zai biya kansa, ko ci za a yi? In ci ne, a rage biki, a nemi makaranta ta yarda a biya kaɗan-kaɗan, a sayar da akuya ko babur kafin a taɓa gida. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi domin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, in gini ko gyaran gida ne buƙatarsa, ya fara neman rancen asusun, mai ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ko da zai jira.

Mu ma a ikilisiya muna da namu laifin. Muna yaba wanda ya yi ƙasaitaccen biki da babbar godiya, ba mu tambayar inda ya samo. Zumuntar mata sun daɗe suna riƙe da adashe cikin aminci; dattawa su yi koyi da su, su kafa asusun taimakon gaggawa, domin mai neman kuɗin asibiti ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin ya je wurin mai cin ruwa.

'Yan'uwa, sauri ya haifi nawa. Wanda ya ce in ba ka sa hannu yau ba dama ta wuce, ka bar ta ta wuce. Ka koma gida ka kwana a kan maganar, ka shawarci iyalinka. Allah ya ba mu haƙuri da hangen nesa, ya bar 'ya'yanmu a ƙarƙashin rufin da muka gina musu. Amin.