Ina Ruwan Mutumin Sule Tankarkar da Sojan Ruwa?

Duk wanda ya ɗauki hanya daga Gumel zuwa Sule Tankarkar ko Maigatari, yashi zai gani da gonakin gero da riɗi, ba zai ga ko kwalekwale ba. Saboda haka in an kawo masa zancen atisayen sojan ruwa, ba laifi ya ce me ya haɗa kifi da kaska. Amma Tafkin Chadi, inda sojan ruwan Nijeriya ke da sansani a Baga, shi ne ke aiko da bandar kifi zuwa kasuwannin Arewa, kuma wutar da ta tashi a tsibiransa ba ta tsayawa a bakin ruwa.

Yaƙin da ake yi a can na sari-ka-noƙe ne, wato mai ƙaramin ƙarfi ya shammaci mai babba. A Oktoban 2000 mutum biyu cikin ɗan jirgi ɗauke da nakiya suka fasa jirgin yaƙin Amurka mai suna Cole a tashar Adan ta Yaman, sojoji 17 suka mutu. A Maris ɗin 2020 kuma 'yan Boko Haram suka far wa sansanin Bohoma a tafkin, Chadi ta rasa soja kusan 100.

A irin wannan yaƙi, lokaci ya fi girman bindiga muhimmanci. Kwalekwale mai inji da ke gudun kilomita 40 a sa'a yana cinye kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 90. A cikin wannan ɗan taƙi sai mai gadi ya hango shi, ya rarrabe ko masunci ne ko mahari, ya sanar da kwamanda, umarni ya dawo. In aka yi jinkiri, sansani ya tafi. In aka yi garaje, an kashe talaka mai neman abinci. Wannan sarƙa ta gani da sanarwa da yanke shawara ita ake kira tsarin ba da umarni, kuma ba ta ƙwari sai da maimaici, kamar tilawar almajiri.

A teku an gane haka. Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ta haɗa cibiyoyin musayar labari a Mashigin Gini, atisayen Obangame Express kuma yana tara ƙasashe su gwada su. Legas ta karɓi baƙuncinsa a 2023. Fashin teku ya ragu ƙwarai.

Tafki kuwa daban ne. Ruwansa ba zurfi, ciyayi sun rufe hanyoyinsa, na'urar hangen jirage ba ta ganin abin da ke cikin duhuwa. Idon rundunar a nan masunci ne da makiyayi, muryarta kuma rediyo ce tsakanin sojan da ke jin Turanci da wanda ke jin Faransanci. Ya kamata a riƙa yin atisaye na musamman a kan wannan, da masu unguwanni da tafintoci a ciki, ba a tsaya ga faretin manyan jirage a Legas ba.

Abin takaici, a Maris ɗin 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin, mai hedikwata a Njamena. A nan ne maganar ta iso gida, domin Sule Tankarkar da Maigatari duk a kan iyakar Nijar suke. Ranar Alhamis dabbobi da fatake na kwararowa kasuwar Maigatari daga ɓangarorin biyu. In mai unguwa ya ga baƙin babura da dare, wa zai kira, kuma cikin minti nawa labarin zai tsallaka iyaka? Wannan ma abin gwadawa ne tun ana zaune lafiya.