Arewa: Sayen kwamfuta haɗaɗɗiya ko haɗa ta da kanka, wanne ya fi riba?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba bayarwa, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Magajiyarta Windows 11 kuwa ba ta yarda da kowace na'ura ba: tana buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta zamani, kamar ta Intel zubi na 8 ko wadda ta biyo baya, wato galibi na'urorin da aka ƙera daga 2018. A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, inda mai shagon buga takardu, mai ɗaukar hoto da malamin lise duka ke cin abinci da kwamfuta, tambayar ta dawo: a sayi haɗaɗɗiya, ko a tattaro kayan ciki a haɗa?

A Turai da Amurka amsar ta daɗe da zama sananniya. Wanda ya sayi ƙwaƙwalwa, allon uwa, ma'ajiyar bayanai da akwati daban-daban yana zaɓen abin da yake so, kuma sau da yawa kuɗinsa na raguwa. Sai dai wannan lissafi ya tsaya ne kan abubuwa uku: wuta mai tsayawa, kayan gyara a kusa, da garantin da ake iya bi. Ukun duka suna da wuya a Arewa.

Wuta ce alƙali

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma yammacin ƙasar, har da jahar Doso, ya rataya ga layin Birnin Kabi. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan wannan shekara, masu sana'a sun ɗanɗana kuɗarsu har zuwa ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. Darasin bai gushe ba. Babbar kwamfutar tebur da aka haɗa tana iya cin wat ɗari biyu ko fiye, kuma da zarar wuta ta ɗauke ta mutu, aikin da ba a adana ba ya tafi. Ta tafi-da-gidanka tana wadatuwa da caja mai wat 45 zuwa 65, batirinta na riƙe ta, kuma ƙaramin faranti na hasken rana yana ɗaukar nauyinta. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Hanyar kaya ta yi tsawo

Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ita ce hanyar da kayan tashar Kwatano suka saba bi zuwa Doso. Tun rufe wannan iyaka a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin dako. Ɗaya hanyar ita ce Najeriya, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas zuwa Kano da Sakkwato. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta ba mai sefa ƙarfi a can, amma da sharaɗi: na'urorin Najeriya suna zuwa da madannai na QWERTY, alhali mai buga takardar Faransanci ya saba da AZERTY mai wasullan da ke da alama a kai. Filoginsu ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila.

Wanda ya haɗa da kansa yana da garanti daban ga kowane ɓangare, kowanne a hannun wani ɗan kasuwa. Idan allon uwa ya ƙone a Gecheme ko Kore Mairuwa, sai an yi doguwar tafiya zuwa Yamai kafin a san ko za a musanya shi. Ƙari a kan haka, farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, saboda kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar, Samsung, SK Hynix da Micron, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. A Disamban 2025 Micron ya sanar da janye tambarinsa na Crucial daga kasuwar ɗaiɗaikun masu saye. Ribar haɗawa da kai ta ƙara tsukewa.

Hanya ta uku

Abin da ya fi dacewa da yawancin mutanen yankin yana tsakiya: na'urar ofis ta hannu, irin su HP EliteDesk, Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkPad, wadda aka ƙera don dogon aiki kuma kayanta ke da sauƙin samu. Mai gyara na iya sa mata ma'ajiyar SSD ya kai RAM ɗinta giga 8, ta wadatar da buga takardu, lissafin shago da karatu. Haɗawa daga tushe ta fi dacewa da mai tace bidiyon biki, wanda ke buƙatar katin hoto mai ƙarfi kuma yake da janareta.

Haɗarin da ke tafe shi ne na arha. Ofisoshin Turai na sallamar na'urorin da Windows 11 ta ƙi, kuma kasuwannin Afirka ta Yamma na cikin inda irin wannan kaya ke sauka. Kafin biyan kuɗi, ya kamata mai saye ya sa a kunna na'urar ya duba lambar ƙwaƙwalwarta: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U zubi na 6. Idan tsohuwa ce, manhajar Linux ta kyauta na iya tsawaita ranta, amma farashinta ya kamata ya sauka. Sannan a ware wani abu daga cikin kuɗin don regilatar ko ondilar, domin hawa da saukar wuta na iya ƙone sabuwa kamar yadda yake ƙone tsohuwa.