Filin Sana'a: Tsohon Zarton Inji

A wannan wata za mu ja hankalin kafintocinmu na zango kan zarton lantarkin nan mai rataye a hannun ƙarfe, wanda Raymond DeWalt ya ƙirƙiro a Amurka a 1922. Katako yana kwance a tebur, kafinta ya jawo zarton ya ratsa shi. Tsofaffinsa kan shigo mana cikin kayan gwanjo, kuma a ganinmu sun cancanci gyara, don ƙarfensu na zubi ne mai ƙarko.

To amma kada a yi gaggawar jona shi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. A karanta farantin jikin injin tukuna. Wasu ana sake musu haɗin waya, wasu sai da taransifoma.

Tsatsa mai sauƙi ce, kananzir da samfefa sun isa. A sake boris da ruɓaɓɓun wayoyi, a yi sabon tebur, a daidaita zarton da sikwaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne yatsu. Faifan zarto mai haƙoran da suka karkata gaba yakan hau katako ya taho wa mutum a guje, saboda haka a nemi wanda aka yi don wannan inji. A 2000 an yi sanarwar janye samfurin Craftsman miliyan 3.7 a Amurka saboda murfinsu bai rufe haƙoran duka ba. Inji marar murfi, kada a bar almajiri ya taɓa shi.