WANE NE SARKIN MAWAƘA A YAU?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu ran wata Asabar da dare. Wani abokina ya ce babu mawaƙin Hausa da ya taɓa kai na yanzu ɗaukaka, domin kuwa ana ganin miliyoyin mutanen da suka kalli waƙoƙinsu a YouTube. Ya ce, "Shata kuwa, miliyan nawa ya tara?" Aka yi ta shewa, na rasa amsa. Da aka yi hutu na koma gida Faskari, sai na kai ƙara wurin kakana. Ga abin da na samo, ga kuma nawa ra'ayin.

Kakana ya ce a zamaninsu hanya uku mawaƙi ke bi ya yi suna. Ta farko ita ce fage, wato gidan biki da kasuwa da ƙofar fada. Nan babu ɓoyo, in muryarka ta shaƙe ko amshi ya karkace kowa ya ji. Ta biyu ita ce Rediyon Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962. Akwai shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai sayi kati ya rubuta gaisuwa da waƙar da yake so, ya kai gidan waya, sa'an nan ya yi ta kasa kunne mako da makonni. Ta uku ita ce faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya ture shi. Duk waƙar da ka ji ana yawan nema a rediyo, kuma direbobin Funtuwa suna sa ta a mota, to, ita ce ke tashe.

Ta waɗannan hanyoyi Alhaji Mamman Shata ya shekara fiye da hamsin yana jan zarensa da kalangu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Haka Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, da Barmani Coge ta nan Funtuwa kusa da mu.

Turawa kuwa tun da daɗewa lissafi suke yi. A Amurka mujallar Billboard ta fara jera waƙoƙi ɗari mafi farin jini a 1958, tana duba yawan faifan da aka sayar da yawan sakawa a gidajen rediyo. A watan Afrilu na 1964 'yan ƙungiyar Beatles na Ingila suka kama matsayi na ɗaya har zuwa na biyar su kaɗai. A lokacin sai mutum ya sa hannu a aljihu kafin a ƙidaya shi. A 2013 sai mujallar ta shiga lissafa kallon YouTube. Mu a Nijeriya, TurnTable ta fara irin wannan jeri a 2020.

To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A ƙasar Hausa waƙoƙin fim da kiɗan fiyano suka shigo, musamman bayan fim ɗin Sangaya. Yanzu kuma waya ce fage. Kowa ya tuna yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gari a 2020, lokacin zaman gida na korona, mata suna rawa ana ɗauka ana yaɗawa. Ba ta nemi izinin wani mai gabatar da shiri ba.

Ba zan ƙi gaskiya ba, wannan zamani yana da nasa alheri. Da can in ba ka da ubangida, ko ma'aikatan rediyo ba su san da kai ba, sai ka tsufa kana waƙa a ƙauyenku. Yau yaro daga Sabuwa zai iya tara kuɗin sutudiyo, gobe a ji shi a Maraɗi. Kuma mawaƙan da ma ba waliyyai ba ne, sun yi wa masu kuɗi kirari, sun yi zambo, kamar yadda wasu ke yi wa 'yan siyasa a yau.

Amma duk da haka ban yarda adadin kallo shi ne ma'aunin sarauta ba, saboda dalilai biyu.

Na farko, su wa ake ƙidayawa? A garinmu yawancin mutane ba sa sayen data don jin waƙa. Wurin masu cajin waya ake zuwa a tura wa mutum waƙoƙi cikin memori, shi kuma ya tura wa abokansa. Waƙa za ta zaga kasuwar Sheme kaf, ba wata na'ura da ta san an yi. Bari ma ta wannan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Watannin nan mun ji waƙa ko ba mu ji ba? Mun ji mana, ita ce ma ke ɗebe mana kewa. Amma a lissafin intanet kamar babu mu a duniya. Ma'aunin da ya manta da talakan ƙauye, yaya zai naɗa mana sarki?

Na biyu, kallo ba so ba ne. Mutum yana iya taɓa waƙa ya ji kaɗan ya wuce, ko ya kalla don ya yi dariya. Wanda ya taka zuwa gidan waya ya aika kati kuwa, ba shakka yana son abin da ya zaɓa. Shi ya sa wasu waƙoƙin yanzu suke kamar wutar kara, bal, sai toka. Na tambayi abokin nan nawa waƙar da ta fi tashe muna aji ɗaya, sai da ya yi ta sosa ƙeya. Shata kuwa ya rasu a 1999, tun ba a haife mu ba, amma har gobe in aka sa Bakandamiya a tasha sai ka ga dattijo da ɗan acaɓa duk sun yi tsit.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu ji na yanzu, amma kada lamba ta ruɗe mu. Mu tambayi kanmu, me waƙar ta ce, kuma za mu iya jin ta a gaban iyayenmu? Ku kuma iyaye, don Allah tsofaffin kaset ɗin nan da ke cikin adaka, ku fito da su a juye a waya kafin gara da zafi su cinye. Na kakana guda biyu sun riga sun tsinke, ya ce a ciki har da wata waƙar da bai sake jin ta ko'ina ba.

Wanda ke kan gaba a wannan mako, ina taya shi murna. Sarauta kuwa, mu bari sai jikokinmu sun nemi waƙarsa da kansu. Allah ya ba mu zaman lafiya, a koma kiɗan biki da dare ba tare da fargaba ba, amin.