A bar mai rashi ta je ta ga teku

Idan miji ya rasu, kowa ya san matarsa tana cikin takaba har wata huɗu da kwana goma, ana lallaɓa ta, ba a ɗora mata hidima. Idan ɗa ne ya rasu, makoki kwana uku ne. Ba ni da ja da wannan hukunci, addini ne ya zo da shi. Abin da nake ja da shi shi ne zaton da muka ɗora a kansa, cewa da zarar an naɗe tabarmi an mayar da kujerun haya, zafin ma ya tafi. Uba ya koma kasuwa, uwa ta koma gindin murhu, a cikin gidan da takalman yaron suke ajiye a bayan ƙofa, jakar makarantarsa tana rataye a ƙusa.

Ɗiyar goggona ta rasa ɗanta na fari, yaro mai shekara tara. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin a farga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira a gaban mutane ba saboda alkunya, kuma alkunyar nan ce ta bi ta har ranar jana'iza. Ta zauna a tsakiyar mata idonta a bushe, ana "ya haƙuri?" tana amsawa, ana "Allah ya sa mai ceto ne" tana cewa amin. Kowa ya yaba da tawakkalinta. Bayan wata huɗu ta zube ta rame, ba ta barci, kuma ba ta iya wucewa ta ƙofar islamiyyar unguwarsu lokacin tashin yara.

Yayanta da ke sayar da raguna a Alaba Rago, kan hanyar Badagry a Legas, shi ya aiko da kuɗin mota ya ce lallai ta zo, mijinta ya rako ta. A can matar yayan ta riƙa ɗaukar ta da sassafe suna zuwa bakin teku a Badagry, lokacin da babu kowa sai masunta da ke jan taru da masu sayar da kwakwa. Ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Ta ce mini abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ƙarar ruwan, don tana iya kuka da ƙarfi ba wanda ya ji, ba wanda ya ce mata "haba, ki yi haƙuri, kina ƙona shi da hawaye". Nan ta fara kiran sunan yaron a fili. Da daren ranar ta yi barci har aka kira assalatu ba ta sani ba.

Kafin ta dawo, magana ta riga ta zagaya dangi. Wai ƙasar kabarin ɗanta ba ta gama bushewa ba ta tafi yawon buɗe ido. Wai ina ruwan 'yar Musulmi da bakin teku, wurin kiɗa da shaye-shaye. Wata ma cewa ta yi da dai Umara ta tafi da an ce ta yi abin kai.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na ga zalunci ne a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muka zo gaisuwa muka ci tuwon sadaka muka watse, ba mu muke kwana da gadon yaron ba. Kuma ban san inda muka samo cewa hawaye kishiyar haƙuri ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, yaga tufafi, marin fuska, da furta kalmar da ke nuna ƙin ƙaddara. Zama a kan rairayi da hijabi da carbi ana kallon halittar Allah ba ya cikinsu. Umara kuwa, wa ya ƙi ta? Sai dai kuɗinta ya ninka na motar Legas sau da yawa, kuma ba kowane gida ne ke da shi ba.

Ina ganin yawan mutuwar yara ne ya sa zukatanmu suka yi kanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Inda abu ya yi yawa haka, sai a riƙa yi masa kallon ruwan dare, har a ce wa uwa "ai ke yarinya ce, Allah zai kawo wani". To, wanin ba zai zama wannan ba, kuma ita ta sani.

Ba ina cewa teku magani ba ne. Ɗiyar goggona ta dawo da rashinta yadda ta tafi da shi, abin da ya canza shi ne ta fara cin abinci, tana iya yin hirar yaron ba numfashinta ya sarƙe ba. Akwai kuma waɗanda tafiya ba za ta ishe su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa ciwo ne da ke buƙatar likita. Wanda ya kai nan, a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Barnawa a Kaduna, a daina ɓoye shi don tsoron kada a ce ya taɓu. Kuma duk wanda zai kai mai rashi bakin teku kada ya bar shi shi kaɗai. Igiyar ruwan gaɓar Legas tana da ƙarfi, tana janye har wanda ya iya iyo, balle mutumin da zuciyarsa ta karye.

Ba dole sai Legas ba. Mutumin Kano yana da madatsar ruwan Tiga kusa da shi, na Bauchi yana da ruwan ɗumin Wikki a Yankari, na Yamai yana da bakin Kwara. Ko gidan 'yar uwa a wani gari ya wadatar, muddin wuri ne da ba kowa ya san labarin ba, inda ba za a tare ta da gaisuwar mutuwa kowace safiya ba.

Uban ma kada a manta da shi. Shi ne ya ɗauki gawar a hannunsa zuwa maƙabarta, shi ne kuma aka fi hana wa kuka don namiji ne. Mijin ɗiyar goggona kwana biyu kawai ya yi a Legas ya juyo saboda shago, kuma har yau ban ji wani a dangi ya tambaye shi ko yana samun barci ba. Muna haɗa gudummawa idan za a yi biki ko suna, har da anko. Da za mu ware kaɗan daga irin wannan kuɗin, a samu ƙani ya riƙe masa shagon na mako guda, da shi ma ya zauna tare da matarsa.