Sabon tanki, ruwa kaɗan-kaɗan

Wannan makon daga Malanville nake rubuto muku, kuma zancen ruwan kifi za mu yi.

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya ja baya, shi ya sa wasunmu suka gina tankin tarwaɗa a bayan gida don rage zafi. Sai kuma ga wani Alhaji da ke safara zuwa Kwatano ya tambaye ni yadda ake kula da akwatin gilashi na kifin teku, irin mai murjani a ciki, wanda ya gani a wani otel har ya shiga ransa. Amsar tambayarsa ta shafi mai tarwaɗa ma, don dokar ɗaya ce: sabon ruwa ba ya son gaggawa, kuma ana canza shi ne kaɗan-kaɗan, a kan lokaci.

Alhaji, ga naka tukuna. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma gishirin girki ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman don wannan aiki. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke karya ta, amma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Kafin nan kada a cika shi da kifi. Daga baya, duk mako a ɗebe kashi 10 cikin 100 a mayar da sabon haɗi. In ruwa ya ragu don zafi, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikowa, saboda ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Murjani kuma yana son digiri 24 zuwa 27. Mu da Afrilu ke kai mu sama da 40, sai da injin sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa. Gaskiya dai, in ba ka da su, ka bar kuɗinka a jari.

Mai tarwaɗa kuwa, farkon abin lura shi ne simintin. Sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona 'ya'yan kifi. A cika tankin, a bar shi ya jiƙa kamar mako biyu ana zubarwa ana sakewa, a wanke shi sosai, sannan a zuba kifi. Ruwan famfo na SONEB yana da kulorin don lafiyarmu, amma kifi ba ya jure shi, don haka a tara shi a buɗaɗɗen duro ya kwana. Ruwan kogi kuma a bar lakarsa ta kwanta.

Shawarata, duk kwana biyu ko uku a zuƙe kashi ɗaya cikin uku ta ƙasa, inda dattin ya taru, a ciko a hankali. In sun girma suna ci da yawa, a ƙara yawan canjin. A yi da safe ko da yamma. Kwashe ruwan gaba ɗaya da tsakar rana yana firgita kifi, musamman ƙanana. In kun ga kumfa, ko wari ya tashi, ko sun ƙi cin abinci, a tsayar da abincin ranar a canza ruwa. Wanda aka zuƙe taki ne ga albasa da tumatir, kada a sake shi a lungu ya tara wa maƙwabta sauro.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiya. Falke yakan yi kwana goma a hanyar Parakou ko Kamba, ruwan tanki kuma ba ya jiran dawowarsa. Kafin ka ɗaura kaya, ka zauna da uwargida ko babban yaronka, ka nuna musu da hannu, ka sa alama a bangon tanki inda za a tsaya da zuƙa, ka rubuta ranakun a kalanda. Kuma wanda ya ɗauki wahalar, a ware masa rabonsa ranar da aka sayar.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.