Arewa Ɗaya, Murya Ɗaya: Abin da Zaɓen 1959 Ya Faɗa wa Masu Kewar Jam'iyyar Yanki

Duk sa'ad da babban zaɓe ya ƙarato a Nijeriya, akwai wata tsohuwar magana da ake kakkaɓe wa ƙura a fito da ita kasuwa. Wai Arewa ta rasa mai magana da yawunta, wai maganin halin da ta shiga shi ne 'ya'yanta su dunƙule a inuwar jam'iyya guda, su jefa ƙuri'a wuri guda, kamar yadda aka yi a zamanin Sardauna. Ana jin maganar a zaurukan taro na Kaduna, ana jin ta a gidajen rediyon Kano, har ta gangaro teburin mai shayi. Yanzu da zaɓen 2027 ya doso kai, ta sake tasowa. Abin da masu wannan kira ba su cika so a tono ba shi ne, tarihin da suke kafa hujja da shi bai goyi bayansu ba. Jam'iyyar yanki ta iya kai manyan yanki kan gadon mulki, wannan babu musu, amma ba ta taɓa zama muryar kowa da kowa ba, kuma talakan Arewa ya fi samun sauƙi a lokutan da aka yi gasar neman ƙuri'arsa.

Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka fi sani da NPC, ta faro ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko. Ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 ƙarƙashin shugabancin Dokta R. A. B. Dikko, sannan ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951. Sunanta kaɗai ya bayyana manufarta. Ɗan asalin Arewa ne kawai ke shigarta, takenta kuwa shi ne Arewa ɗaya ce, al'ummarta ɗaya, ba tare da duban addini ko muƙami ko ƙabila ba. Alamarta fartanya, gaisuwarta salama.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa ta samu karɓuwa. Tsoron da shugabannin Arewa suka ji a lokacin ba na ƙarya ba ne. Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a ilimin boko, ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da na gidan waya a cikin Arewa kanta cike suke da ma'aikata daga Kudu. Shi ya sa a taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka kafe a kan rabin kujerun majalisar tarayya, suka kuma samu. Shi ya sa kuma a watan Maris na 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, Ahmadu Bello ya nemi a ce sai lokacin da ya dace. Ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko, da rikicin da ya ɓarke a Kano a watan Mayu na wannan shekara, sun ƙara wa jam'iyyar ƙarfi. Gwamnatin Sardauna ta yi aiki: ta cusa 'yan Arewa a aikin gwamnati, ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ta assasa Bankin Arewa da masaƙar Kaduna. Wanda ya musa wannan ya yi wa tarihi ƙarya. Sai dai wanda ya tsaya a nan, rabin labari ya bayar.

Ragowar rabin yana cikin alƙaluman zaɓen ranar 12 ga Disamba, 1959, zaɓen da ya tsayar da gwamnatin da ta karɓi 'yanci. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 daga ciki na Arewa ne. NPC ta ci 134, dukansu a Arewa, ba ta samu ko ɗaya a Gabas ko Yamma ba. To, ina sauran 40 na Arewa suka tafi? Jam'iyyar AG ta Obafemi Awolowo da ƙawayenta, musamman UMBC ta Joseph Tarka, sun kwashe 25. NEPU ta Malam Aminu Kano ta samu 8. 'Yan takara masu zaman kansu suka raba sauran. Idan aka koma ga yawan ƙuri'u, abin ya fi haka ban mamaki. NPC ta samu kimanin miliyan biyu, NEPU kuwa ta haura dubu ɗari biyar. Wato duk ƙuri'a huɗu da aka jefa wa fartanya, an jefa wa tauraro ɗaya, amma a majalisa kujeru 134 ne ke fuskantar 8. Tsarin zaɓen da ke bai wa wanda ya zo na ɗaya komai, ya hana na biyu komai, shi ya ɓoye wannan ɓaraka. Murya ɗayar da ake ta yabo, ƙirar akwatin zaɓe ce ta sa ta yi kama da ɗaya.

Sannan wa ya yi zaɓen? Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a 1959, alhali takwarorinsu na Kudu sun jefa. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ba su wannan dama. Rabin al'umma na cikin gida ba a tambaye ta ba, amma ana cewa an ji muryar Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama saboda ta ce a tambaye su.

Ba a kuma yi takarar a fili mai baje ba. Mulkin En'e na hannun sarakuna, kuma mafi yawan manyan NPC ma'aikatan En'e ne ko masu riƙe da sarauta. Wanda zai yi lacca sai ya nemi izinin En'e. 'Yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, kuma lauya ba ya shiga cikinta. Hakimi da dagaci su ne ke yanka wa mutum haraji, su ne kuma ke gaya masa inda ya kamata ya jefa ƙuri'arsa. A Kano har gungun 'yan sara aka yi, waɗanda aka laƙaba wa suna 'Yan Mahaukata, don tarwatsa tarukan 'yan adawa. Duk da haka mutum fiye da dubu ɗari biyar suka zaɓi NEPU. Kalmar sawaba da suka riƙe a matsayin kirari, ma'anarta sauƙi da kuɓuta daga ƙunci, kuma ƙuncin da suke nufi ba daga Ikko kaɗai yake zuwa ba, har da wanda ke fitowa daga ƙofar fada.

Haka abin yake a wajen ƙasar Hausa. A Barno an yi ƙungiyar samarin Barno da Ibrahim Imam ya jagoranta. A Ilorin an yi Talaka Parapo, wadda ta nemi a haɗa lardin da Jihar Yamma. A ƙasar Tibi tarzoma ta tashi a 1960, ta sake tashi a 1964, sai da aka tura soja. Tun 1957 Turawa suka naɗa hukumar Willink don ta saurari koken ƙananan ƙabilu, domin koken ya yi yawa. Wannan ita ce Arewa ɗayar da ake kewa.

Illa mafi muni ita ce, jam'iyyar yanki ba ta zuwa ita kaɗai. In ka gina ganuwa, maƙwabcinka ma zai gina tasa. NPC ta riƙe Arewa, AG ta riƙe Yamma, NCNC ta Nnamdi Azikiwe ta koma ta Gabas, duk da cewa ta faro da burin ƙasa baki ɗaya. Tunda yawan kujeru ya dogara ga yawan jama'a, ƙidayar 1962 da ta 1963 suka zama fagen daga. A zaɓen ranar 30 ga Disamba, 1964, ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa akwati a wurare da dama, 'yan takarar NPC masu yawa suka wuce babu hamayya, ƙasa ta kwana da kwanaki babu sabuwar gwamnati. Abin da ya biyo baya a daren 15 ga Janairu, 1966, kisan gilla ne da babu hujjar da za ta wanke waɗanda suka aikata shi. Amma mai hankali zai tambayi yadda aka yi siyasa ta toshe har bindiga ta samu ƙofa. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, Jihar Arewa ta zama shida. Mutane da yawa daga cikin 'yan Arewa ba su yi kukan rabuwar ba.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa suka shimfiɗa sharaɗin cewa shugaban ƙasa, ban da rinjayen ƙuri'u, sai ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe sharaɗin a sashe na 134, sashe na 222 kuma ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko alama mai nuna ƙabila ko addini ko wani ɓangare na ƙasa. A bisa doka ke nan, jam'iyya mai suna irin na NPC ba za ta samu rajista a yau ba. Lissafi ma bai yarda ba. Jihohin Arewa 19 ne, abin da ake bukata kuwa 24 ne. A 2011 Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 12 a jam'iyyar CPC, kusan dukansu daga Arewa, ya faɗi. Sai da aka narka CPC a cikin APC a 2013, aka haɗa hannu da Kudu maso Yamma, sannan ya ci a 2015. A 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu kusan ƙuri'u miliyan ɗaya a Kano a jam'iyyar NNPP, amma jihar ita kaɗai ya ci. Mai kiran a dunƙule a jam'iyyar yanki ya san wannan lissafi sarai. Abin da yake so shi ne a tara masa ƙuri'u a buhu, ya ɗauka ya tafi ciniki, a ba shi muƙami.

A kwatanta da abin da gasa ta haifar. A 1979 talakawan Kano da Kaduna suka ƙi bin NPN, duk da cewa ɗan takararta Alhaji Shehu Shagari ɗan Arewa ne kuma magajin gidan NPC. Suka zaɓi PRP, Abubakar Rimi ya hau a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Cikin abubuwan farko da suka yi akwai soke haraji da jangali, nauyin da ya daɗe a wuyan manomi da makiyayi, wanda gwamnatin Arewa ɗaya ba ta taɓa sauke musu ba. A ranar 12 ga Yuni, 1993, Kanawa suka fifita Moshood Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa. Ba su ci amanar Arewa ba, sun nuna ne cewa ƙuri'arsu ba gadon kowa ba ce.

Wanda ke ganin wannan matsala ta Nijeriya ce kaɗai, ya ɗaga kai ya dubi ƙetaren hamada, inda Hausawa da yawa ke zaune a Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya. Da ƙasar ta samu 'yanci a 1951, tarayya ce ta yankuna uku, Tarabulus da Barƙa da Fezzan, kowanne da kujeru takwas a majalisar dattawa, duk da ƙarancin mutanen Fezzan. An soke tarayyar a 1963. A zaɓen 7 ga Yuli, 2012, aka ware wa kudu kujeru 40 cikin 200, a 2013 kuma wasu shugabannin ƙabilu suka shelanta cin gashin kan Fezzan. Kokensu na gaskiya ne: rijiyoyin man Sharara a ƙasarsu suke, amma daga Sabha har ƙananan garuruwa irin su Zighan da Samnu an san dogon layin gidan mai. Sai dai shelar ba ta je ko'ina ba, domin Fezzan ɗin ma ba murya ɗaya ba ce. An gwabza tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a Sabha a 2012, an gwabza tsakanin Tubawa da Buzaye a Ubari daga 2014. Zaɓen da aka sa wa ranar 24 ga Disamba, 2021, bai yiwu ba. Sunan yanki yana da daɗin faɗi a bakin lasifika, amma da zarar an tambayi wa zai riƙe tutar, sai a tarar kowa da nasa yankin a cikin yankin.

Za a ce, ai wasu sassan ƙasar suna haɗa kai, don me Arewa za ta zauna a warwatse? Amsar tana cikin tarihin mulki. Daga Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Buhari, 'yan Arewa sun riƙe shugabancin Nijeriya shekaru masu yawa, a farar hula da a kaki. Amma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna cewa cikin mutum miliyan 133 da ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari a Arewa suke. Da zaman ɗan yanki a kan kujera yana maganin yunwa, da tuni manomin Zamfara ya koma gonarsa, da tuni yaron da ke yawo da kwano a titin Sakkwato yana aji. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsoron mai ƙuri'a a zuciyar mai mulki, kuma babu abin da ke kashe wannan tsoro kamar tabbacin cewa yanki guda zai zaɓe ka ko me ka yi.

Son Arewa ba laifi ba ne, neman haƙƙinta a rabon arziki da tsaro da ayyuka wajibi ne. Gwamnoni 19 da 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban suna iya haɗuwa a kan batu guda, kamar hanyar jirgin ƙasa ko farfaɗo da masaƙu, ba tare da an rufe wa mai zaɓe ƙofa ba. Amma duk wanda ya zo gab da zaɓe yana cewa shi ne bakin Arewa, a tambaye shi wace Arewa: ta Tibi ko ta Barno, ta mai rawani ko ta mai fartanya a kafaɗa, ta mazan da suka yi zaɓe a 1959 ko ta matan da aka bari a gida? A tambaye shi makarantu nawa ya gina sa'ad da ya riƙe jiha, da inda 'ya'yansa ke karatu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma ranar zaɓe ita ce ranar da ya kamata kowane mai neman ƙuri'a ya amsa da aikinsa, ba da taswirar garinsu ba.